Mirage Studios: Tarihin ƙaramin kamfanin ɗab'in da 'yan kunkuru suka ɗaukaka, suka kuma fi ƙarfinsa

A watan Satumban 2021 wani ƙaramin kamfanin ɗab'i mai suna Mirage Studios, da ke jihar Massachusetts a ƙasar Amurka, ya rufe harkokinsa bayan kusan shekara 38 da kafuwa. Mutane kaɗan ne suka ji labarin, kuma kaɗan ne a cikin waɗanda suka ji suka gane sunan. Amma da wuya a sami yaron da ya taso a gaban talabijin a shekarun 1990, a kowace nahiya, da bai san abin da kamfanin ya ƙirƙira ba: kunkuru huɗu masu tafiya da ƙafa biyu, sun ɗaure fuska da ƙyalle, suna zaune a magudanar ruwa ta ƙarƙashin birnin New York, suna faɗa irin na ninja. Sunansu a Turance Teenage Mutant Ninja Turtles, wato rikiɗaɗɗun samarin kunkuru mayaƙan ninja.

Mirage kamfani ne na littattafan komik, waɗanda ake ba da labari a cikinsu da jerin zane-zane, maganar kowane ɗan wasa tana rubuce kusa da bakinsa. Mutum biyu ne suka kafa shi, Kevin Eastman da Peter Laird, ba ofis, ba ma'aikata, ba jari sai na rance. Tarihinsa ya ta'allaƙa a kan tambaya ɗaya da ta daɗe tana damun masu zane da marubuta: wa ya mallaki abin da hannu ya ƙirƙira? Eastman da Laird sun riƙe nasu, ba a sayar wa wani babban kamfani ba har tsawon shekara 25, kuma wannan riƙon ne ya yi musu arziki. Shi ne kuma ya raba su da teburin zane, ya raba su da juna, ya sa suka yi wa wasu abin da suka taɓa zargin manyan kamfanoni da yi.

Kasuwar da suka tarar

Tun farkon wannan sana'a a Amurka, ƙa'idar manyan kamfanoni ita ce aikin ƙwadago. Mai zane ya kawo shafi, a biya shi ladan shafin, shi ke nan. Jarumin da ya ƙirƙira, da sunansa, da duk kuɗin da zai kawo nan gaba, sun zama na kamfani. Misalin da kowa ke bayarwa shi ne na Jerry Siegel da Joe Shuster, waɗanda suka sayar da Superman a kan dala 130 a shekarar 1938. Kamfanin ya tara miliyoyi, su kuwa suka tsufa cikin ƙunci, sai a 1975 aka amince a riƙa ba su fansho na shekara-shekara a kuma mayar da sunayensu a kan aikin.

Haka ma Jack Kirby, wanda hannunsa ke cikin ƙirƙirar mafi yawan jaruman kamfanin Marvel, irin su Fantastic Four da Hulk da X-Men. A tsakiyar shekarun 1980 yana cikin taƙaddama da kamfanin a kan ainihin takardun da ya yi zane a kansu, waɗanda ya nemi a mayar masa. Da aka sasanta a 1987, kaso kaɗan ya karɓa daga cikin dubban shafukan da ya zana. Eastman da Laird masoyan Kirby ne na gaske, ƙaunar aikinsa ce ma ta fara haɗa su abota, don haka sun san wannan labari sarai.

Abu na biyu da suka tarar shi ne sabuwar hanyar sayarwa. A da, littattafan komik a teburin masu jarida da kantunan unguwa ake sayar da su, kuma duk kwafin da bai shiga ba sai a mayar wa kamfani, asarar ta hau kansa. Ƙaramin mai ɗab'i ba zai iya ɗaukar wannan kasada ba. A shekarun 1970 wani malamin makaranta kuma dillalin littattafai a New York, Phil Seuling, ya ɓullo da wani tsari: shagunan da suka keɓanta da sayar da komik za su sayi kaya da rangwame mai yawa, bisa sharaɗin ba mayarwa. Shago zai faɗi adadin da yake so tun kafin a buga, mai ɗab'i ya buga daidai abin da aka nema. Da wannan, mutum ɗaya a ɗakinsa zai iya zama kamfani. Dave Sim na ƙasar Kanada ya fara buga Cerebus da kansa a 1977, Wendy da Richard Pini suka biyo da Elfquest a 1978. Su ne suka nuna cewa hanyar tana ɓullewa.

Kamfanin da babu shi

An haifi Laird a 1954, Eastman kuma a 1962. Sun haɗu a garin Northampton na Massachusetts a farkon shekarun 1980, lokacin Laird yana ɗan samun na abinci da zane wa jaridu, Eastman kuma yana aiki a gidajen abinci. A 1983 suna zaune a gida ɗaya a garin Dover na jihar New Hampshire, falon gidan ne wurin aikinsu. Da suka zo raɗa wa kamfaninsu suna sai suka zaɓi Mirage, wato kawalwalniya, wannan ruwan ƙarya da matafiyi ke hangowa a kan hanya da tsakar rana. Dalilinsu shi ne babu wani kamfani a zahiri, sai kujeru da allunan zane da suke ɗorawa a cinya.

Wani dare a watan Nuwamban 1983, don ya ba abokinsa dariya, Eastman ya zana kunkuru a tsaye, da ƙyalle a fuska da sandunan faɗa a hannu. Abin dariyar a fili yake: dabbar da ta fi kowa nawa an mayar da ita mayaƙi mai zafin nama. Hausawa na cewa kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa. A wannan dare an ba shi yatsu har da makami. Laird ya zana nasa, suka mayar da su huɗu, kowanne da makaminsa. Eastman ya rubuta musu suna, Laird ya ƙara kalmomi biyu a gaba, sunan ya yi tsawo har ya zama abin dariya shi ma.

Daga nan suka gina labari. Sunayen 'yan kunkurun daga mashahuran masu zane da sassaƙa na ƙasar Italiya suka ɗauko su: Leonardo, Raphael, Donatello da Michelangelo. Malaminsu wani tsohon ɓera ne mai suna Splinter, abokin gabarsu kuma Shredder, shugaban ƙungiyar da ake kira Foot. Masu karatun wancan lokaci sun gane shaguɓen nan take, domin labarin Daredevil na Frank Miller, wanda ake yayi a lokacin, yana da malami mai suna Stick da ƙungiyar ninja mai suna Hand, wato hannu. Su kuma suka mayar da ita ƙafa. Sai dai ba su zana labarin kamar wasa ba. Akwai duhu da jini da ɗaukar fansa a ciki, kuma ba don ƙananan yara suka yi shi ba. Yadda suke aiki ma abin lura ne: shafi ɗaya sai ya yi ta kai-komo tsakaninsu, wannan ya zana, wancan ya ƙara, har ya zama ba a iya raba hannun ɗaya da na ɗayan.

Kwafi 3,000

Kuɗin bugu ya fito daga wurare biyu: rarar haraji da hukuma ta mayar wa Eastman, da rancen da baffansa ya ba su. Da shi suka buga kimanin kwafi 3,000 na littafi mai shafi 40, baƙi da fari, a takarda mai araha, kowanne a kan dala ɗaya da rabi. Suka fito da shi a watan Mayun 1984 a wani taron masu sha'awar komik a garin Portsmouth. Ba su sa ran fitowa ta biyu ba, shi ya sa suka kashe Shredder a ƙarshen ta farko.

Ɗan abin da ya rage a hannunsu suka sa talla ɗaya a jaridar Comics Buyer's Guide, wadda masu shaguna ke karantawa. Laird, da yake ya san yadda gidajen jarida ke aiki, ya shirya takardar sanarwa ya aika wa kafafen labarai da dama. Kamfanin dillancin labarai na UPI ya ɗauki labarin, jaridu a faɗin ƙasar suka buga. Cikin 'yan makonni kwafin ya ƙare, aka sake bugu na biyu da na uku. Fitowa ta biyu, tun kafin a kai ta maɗaba'a, shaguna sun nemi kwafi 15,000. A nan ne su biyun suka yi lissafi suka ga cewa za su iya barin sauran ayyuka su rayu da zane kaɗai. Zuwa 1986 fitowa ta takwas, wadda suka haɗa hannu da Dave Sim, ta wuce kwafi 100,000, adadin da ko manyan kamfanoni ba za su raina ba.

Wannan nasara ta jawo wa kasuwar wata masifa. Da labari ya bazu cewa bugun farko na littafin dala ɗaya da rabi yana sayuwa da ninkin-ba-ninkin farashinsa, sai kowa ya so ya kama na gaba. Ƙananan kamfanoni suka yi ta ɓullowa kamar tsiron damina, suna buga littattafai baƙi da fari masu dogayen sunaye da dabbobi mayaƙa, har da ɓeraye da babba-da-jaka masu kung fu. Masu shaguna suka saye su tuli-tuli don ajiya, da fatan farashi zai tashi. Mafi yawansu ba su da inganci, masu karatu ba su saya ba, kuma tsarin ba mayarwa, wanda ya buɗe wa ƙananan kamfanoni ƙofa, yanzu ya bar shaguna da kayan da ba su da kasuwa. A 1987 abin ya rushe. Shaguna da dillalai da kamfanoni da dama suka durƙushe. Mirage ya tsira, domin nasa littafin ana karanta shi ne, ba ajiya kaɗai ake yi ba.

Daga takarda zuwa roba

A 1986 wani dillalin lasisi mai suna Mark Freedman ya zo musu da shawarar a mayar da 'yan kunkurun kayan wasan yara. Manyan kamfanonin kayan wasa ba su nuna sha'awa ba, sai Playmates, wani kamfani mai tushe a Hong Kong, ya amince bisa sharaɗin a fara yin katun na talabijin da zai tallata su. A watan Disamban 1987 aka nuna kashi biyar na farko, a 1988 kuma kayan wasan suka shiga kantuna.

Don su dace da yara, sai da aka sauya musu hali. Jinin ya tafi, barkwanci ya shigo, aka sa musu son cin pizza. A bangon littafin asali dukansu jan ƙyalle suke ɗaurawa. Katun ya ba kowanne launinsa, shuɗi da ja da ruwan goro da shunayya, don yaro ya bambanta su, ya kuma nemi a saya masa duka huɗun. A Birtaniya, inda ake ganin kalmar ninja ta yi tsauri ga yara, an cire ta daga sunan shirin an sa Hero a madadinta. Katun ɗin ya ci gaba har 1996, kashi 193. An ƙiyasta cinikin kayan wasan a shekaru huɗun farko ya haura dala biliyan ɗaya. A watan Maris na 1990 fim ya fito, wanda kamfanin Golden Harvest na Hong Kong ya shirya, ma'aikatar Jim Henson ta ƙera kayan da 'yan wasan suka sanya. An kashe kimanin dala miliyan 13 da rabi, ya kawo sama da miliyan 200 a duniya, ya zama fim mai zaman kansa da ya fi kowanne samun kuɗi a lokacin.

Bambancin Eastman da Laird da waɗanda suka gabace su a nan yake. Ba su sayar da haƙƙin mallaka ba, haya suka bayar. Kowace riga, kowace jakar makaranta, kowane wasan bidiyo na kamfanin Konami, kowace fitowa ta littafin yara da kamfanin Archie ya riƙa bugawa daga 1988, akwai kasonsu a ciki, kuma sai da amincewarsu ake fitar da shi. Abin da Siegel da Shuster suka rasa, su sun same shi.

Amma amincewar nan aiki ce. Ɗaruruwan kamfanoni suna da lasisi, kowanne yana aiko da samfur a duba, da yarjejeniya a karanta, ga lauyoyi, ga masu shigar da ƙara suna iƙirarin su ma suna da kaso. Mirage ya koma Northampton, ya sami ofis na gaske da ma'aikata, kawalwalniya ta zama ruwa. Mutum biyun da suka kafa shi don su riƙa zane tare sai suka wayi gari yininsu yana ƙarewa a teburin taro. Bayan fitowa goma sha ɗaya na farko, haɗin hannunsu a shafi ɗaya ya zama sai jefi-jefi. Aikin yau da kullum ya koma hannun masu zanen da suka ɗauka, irin su Jim Lawson da Michael Dooney da Eric Talbot da Steve Lavigne, da kuma baƙin da suke gayyata su zo su yi labari ɗaya ko biyu yadda suka ga dama.

Takardar haƙƙoƙi, da ranar da aka gwada ta

A watan Nuwamban 1988 wasu masu zane masu zaman kansu suka taru a Northampton, Eastman da Laird suna cikin masu masaukin baƙi. Dave Sim ya halarta, da Richard Pini, da Stephen Bissette, da Rick Veitch, da Scott McCloud wanda ya tsara daftarin. Suka fitar da takarda mai ƙudurori 12 da aka sani da suna Creator's Bill of Rights, wato kundin haƙƙoƙin mai ƙirƙira. Abin da ta ƙunsa a taƙaice shi ne: wanda ya ƙirƙiri abu shi ne mai shi, shi ke da ikon yadda za a sarrafa shi da yadda za a tallata shi, a biya shi kasonsa na riba a kan lokaci, a nuna masa lissafi, a mayar masa da ainihin zanensa, kuma yana da 'yancin ɗaukar aikinsa ya kai wani wuri. Takardar ba doka ba ce, ba kotun da za ta tilasta ta, amma ta zama ma'aunin da ake auna kamfanoni da shi.

Ma'aunin bai daɗe ba ya iso kan Mirage kansa. Baƙin da aka gayyata sun yi aikinsu ne bisa amana da musafaha, ba rubutacciyar yarjejeniya. A cikin labaransu sun ƙirƙiri sababbin 'yan wasa da suka shiga duniyar 'yan kunkurun. Da kuɗi ya yi yawa, sai tambaya ta taso: idan kamfanin fim ko na kayan wasa ya sayi lasisi, yana son tabbacin cewa ba wani da zai fito gobe ya ce wani ɓangare nasa ne. Mafitar da Mirage ya ɗauka ita ce ya nemi masu zanen su sa hannu a takardar da ta mayar da aikin da suka riga suka yi aikin ƙwadago, mallakin kamfani. Wasu sun sa hannu, wasu sun ƙi. Rick Veitch, wanda yake cikin zaman 1988, yana cikin waɗanda suka ƙi, kuma labarinsa The River, wanda masu karatu ke sawa cikin mafi kyawun abin da Mirage ya buga, ya yi shekaru masu yawa ba a sake buga shi ba.

Kowane ɓangare yana da hujjarsa. 'Yan kunkurun na Eastman da Laird ne, kuma takardar 1988 ɗin kanta ta ba mai ƙirƙira ikon kare abinsa. Baƙin kuma sun ƙirƙiri nasu, takardar ta ba su irin wannan iko. Abin da ƙudurori 12 ba su warware ba shi ne yadda za a yi idan mai ƙirƙira ya yi aiki a cikin gonar wani mai ƙirƙira. Inda babu wannan cakuɗuwa, Mirage ya cika alkawari: ya buga Usagi Yojimbo na Stan Sakai daga 1993 zuwa 1995, kuma da lokacin tafiya ya yi Sakai ya ɗauki zomonsa ya koma kamfanin Dark Horse, ba wanda ya tare shi.

Inda kuɗin ya tafi

Kowannensu ya yi ƙoƙarin mayar wa sana'ar da wani abu, kuma hanyoyin da suka bi sun nuna bambancin halinsu. A 1990 Eastman ya kafa kamfanin Tundra don ya aiwatar da takardar haƙƙoƙi a aikace: mai zane ya riƙe mallakarsa, a ba shi kuɗin kafin alƙalami mai tsoka, a buga masa a takarda mai kyau, kaso mafi girma na riba ya zama nasa. Tundra ya fitar da ayyuka masu daraja, ciki har da sassan farko na From Hell na Alan Moore da Eddie Campbell, da Cages na Dave McKean, da Madman na Mike Allred, kuma a ƙarƙashinsa aka shirya Understanding Comics na Scott McCloud. Amma ya karɓi ayyuka fiye da yadda zai iya gudanarwa, an biya kuɗin littattafan da ba a taɓa kammalawa ba, kuma ba a ƙi roƙon kowa ba. A 1993 aka haɗe shi da kamfanin Kitchen Sink Press. Eastman da bakinsa ya ce asararsa tana tsakanin dala miliyan 9 da miliyan 14.

Laird ya bi hanya mai sanyi. A 1992 ya kafa gidauniyar Xeric, wadda ke ba matasan masu zane tallafin 'yan dubban daloli don su buga littafinsu da kansu, su koyi hulɗa da maɗaba'a da dillalai da lissafin kuɗi. Ba ta karɓar kaso, ba ta taɓa haƙƙin mallaka. Wato dai rancen baffan Eastman ne aka mayar da shi tsari, sai dai wannan ba a biya. Cikin shekara 20 ta raba sama da dala miliyan biyu ga masu zane da ƙungiyoyin agaji, kuma daga cikin waɗanda suka fara da ita akwai Adrian Tomine da Jason Lutes da Megan Kelso da Gene Luen Yang, waɗanda suka zama manyan sunaye daga baya. An dakatar da tallafin ɗab'in a 2012, bisa dalilin cewa intanet ta sauƙaƙa wa sabon mai zane isa ga masu karatu.

Rabuwa da sayarwa

Jerin littattafan asali ya tsaya a fitowa ta 62 a 1993, bayan wani dogon labari mai suna City at War da su biyun suka tsara tare, wanda a cikinsa 'yan kunkurun da na kusa da su suka warwatse kowa ya kama gabansa. Jeri na biyu, mai launi, fitowa 13 kawai ya yi, a daidai lokacin da kasuwar komik ta Amurka ta sake faɗuwa a tsakiyar shekarun 1990. Daga 1996 Mirage ya miƙa bugun ga kamfanin Image. Yayin 'yan kunkurun ya lafa, Eastman ya koma jihar California inda yake tafiyar da mujallar Heavy Metal da ya saya, kuma saɓani a kan abin da ya dace a yi da su ya ƙaru. Wanda ya fi fitowa fili shi ne na shirin talabijin na 1997, inda aka ƙara kunkuru ta biyar, mace, abin da Laird bai taɓa ɓoye ƙinsa ba.

A shekarar 2000 Eastman ya sayar wa Laird kasonsa, aka kammala cinikin gaba ɗaya a 2008. Laird ya dawo da littafin gida a 2001, yana rubutawa Jim Lawson yana zanawa, 'yan kunkurun sun manyanta, labarin yana tafiya a hankali. Ya sa ido sosai a kan sabon katun na 2003, wanda ya fi na farko kusanci da littafin asali. Amma gajiya ta kama shi. A watan Oktoban 2009, shekara 25 bayan kwafi 3,000 na farko, ya sayar da komai ga kamfanin Viacom, mai tashar yara ta Nickelodeon, a kan kimanin dala miliyan 60. Abu ɗaya ya keɓe wa kansa a yarjejeniyar: izinin buga littattafai baƙi da fari har 18 a shekara. Bai yi amfani da shi sosai ba. Fitowa ta ƙarshe daga Mirage ta zo a 2014, labarin bai kai ƙarshe ba.

Tun daga 2011 kamfanin IDW ke buga littattafan 'yan kunkurun da lasisin sababbin masu su, kuma Eastman yana cikin masu rubutawa da zanawa. Wanda ya zana kunkurun farko a falon Dover yanzu yana aiki a kansa ne da izinin wani. A 2020 aka fara fitar da The Last Ronin, labarin kunkuru ɗaya da ya rage bayan 'yan'uwansa uku sun mutu, wanda aka gina a kan wani tsari da Eastman da Laird suka rubuta tun 1987 suka ajiye. Ya zama ɗaya daga cikin littattafan komik da suka fi kasuwa a Amurka a shekarun nan.

Abin da ya rage

Ana iya auna Mirage ta fuska biyu, kuma duka biyun gaskiya ne. Ya tabbatar wa tsararsa cewa mai zane zai iya riƙe abinsa ya kuma ci moriyarsa. Da masu zane bakwai suka fice daga Marvel suka kafa Image a 1992 bisa ƙa'idar kowa ya mallaki nasa, misalin Northampton yana gabansu. Ya kuma nuna cewa mallaka nauyi ce da ke buƙatar lokaci da lauyoyi da rubutacciyar yarjejeniya tun ranar farko, kuma wanda ya ɗauke ta yana iya tarar da kansa a kujerar da ya saba zargi. Rikicin Mirage da baƙinsa bai taso daga mugun nufi ba. Ya taso ne daga musafahar da aka yi lokacin da ba wanda ya zaci akwai abin da za a raba.

Siegel da Shuster sun karɓi dala 130 sun rasa Superman a shekarar da ya fito. Eastman da Laird sun riƙe nasu shekaru da dama, suka sayar a lokacin da suka zaɓa, a farashin da suka amince da shi. A ƙarshe dai jaruman duka biyun a hannun manyan kamfanoni suke. Daga cikin kwafi 3,000 na watan Mayun 1984, waɗanda aka sayar a kan dala ɗaya da rabi, an yi cinikin guda ɗaya mai tsabta a 2021 a kan sama da dala 200,000, a shekarar da kamfanin da ya buga shi ya rufe ƙofarsa.